Me Ya Sa Baraden Turawa Ba Sa Zama a Gida?

Tambaya: Salam Malam, ni fa abin da ke ɗaure min kai a labaran baraden Turawa na da, kullum sai jarumi ya bar fadar Sarki Arthur ya nausa daji shi kaɗai da sulke da mashi, wai me yake nema ne? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikis salam ƙanwata. Suna yake nema, kuma sau da yawa laifi ya yi yake son ya wanke kansa. Ki duba labarin barde Yvain, wanda marubuci Chrétien de Troyes ya rubuta a Faransa wajen 1170 zuwa 1180, Yvain ya yi wa matarsa alkawari zai dawo cikin shekara ɗaya, gasar sukuwa da mashi ta ɗauke masa hankali har wa'adi ya wuce, matar ta aiko aka karɓe zobenta, shi kuma ya haukace ya shige daji tsirara, sai bayan ya warke ya ceci wani zaki daga maciji, zakin ya riƙa binsa yana taimakon raunana har matar ta yafe masa. Gaskiya wajen haukar nan ya fi taɓa min zuciya.

Kuma fa akwai gaskiya a ciki, a zamanin babban ɗa ke gaje ƙasar uba, ƙanne sai su fita neman na kansu. William Marshal, wani barden Ingila, haka ya taso ba gado, da gasa ya tara dukiya, a 1216 shi ya riƙe wa sarki mulkin Ingila saboda sarkin yaro ne.