Amsa ga yarona kan ɗaura wa mashin ƙararrawar tsaro

Ka tambaye ni wace ƙararrawar tsaro ce ta fi dacewa mu riƙa ba masu mashin shawarar saye, kuma me ya sa nake daɗewa wajen ɗaura ta alhali akwai masu gama aikin kafin mai mashin ya gyara zama a kan benci. Tambayoyin biyu amsarsu ɗaya ce, ɗana. Mashin ɗin da za ta hau da wurin da yake kwana su ne ke zaɓar ƙararrawa, kuma binciken waɗannan biyun shi ne ke cin lokacin. Abin da aka rubuta a jikin kwali, na ƙarfin kuka da yawan maɓallan rimot, shi ne na ƙarshe da nake dubawa.

Ka fara da batir. Kowace sikiyuriti, wato ƙararrawar tsaro, tana shan wuta dare da rana ko da mashin a kashe yake, domin kullum tana sauraron rimot. Batirin ƙananan mashinan da ke cika titunan Katsina, irin su Boxer da Jincheng da roba-roba, na bolt 12 ne, kuma da yawansu ba su wuce amfiya-awa 5 ba. To, yi lissafi da kanka: na'urar da ke jan miliamfiya 5 tana cin miliamfiya-awa 120 a kwana guda, wato 2,400 (amfiya-awa 2.4) a kwana 20, kusan rabin batirin ke nan ya tafi ba a ko taɓa mashin ba. Ɗan acaɓa da ke yawo daga safe har dare ba zai ji wannan ba, saboda injinsa yana mayar da abin da aka ci, amma dattijon da ba ya fito da mashin sai ranar Juma'a ko ranar kasuwa zai dawo maka da ƙorafin cewa ka kashe masa batir. Saboda haka kafin ka rufe aiki ka cire wayar negatif, ka sa mitar awon wuta a tsakani, ka ga abin da na'urar ke ja tana zaune shiru. Ka kuma auna batirin kansa. Lafiyayye yana nuna kusan 12.6 a kashe, idan kuma an tayar da inji an ɗan ba shi wuta ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba, matsalar caji ce, sai a gyara ta tukuna. Mashinan da ke yawo da mataccen batir suna tashi da kik kawai suna da yawa a garin nan, kuma ɗaura wa irinsu ƙararrawa cin kuɗin mutum ne a banza.

Bayan batir sai CDI, ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, kuma a nan ne yawancin masu gaggawa ke ɓata aiki. Iri biyu ne. Akwai wanda ke karɓar wutarsa kai tsaye daga kwayil ɗin inji, kuma ana kashe shi ne ta hanyar haɗa wayar kashewa da ƙarfen jikin mashin. Akwai kuma wanda ke shan wutar batir, shi kuwa yanke masa wutar ake yi ya mutu. Na farkon shi ne raunin mashinan talakawa, domin makullin ba ya ba inji wuta, riƙe shi kawai yake a kashe, don haka idan aka raba makullin da sauran wayoyi babu abin da zai hana injin tashi da kik. Ɓarayi sun san wannan fiye da masu mashin. Aikin sikiyuriti mai kyau shi ne ta riƙe wannan waya daga wani wuri na daban da hannu ba ya saurin kaiwa. Don gane irin da ke gabanka, ka murɗa makulli ka auna bakin soket ɗin CDI. Idan ka sami bolt 12 na batir a ɗaya daga cikin ƙafafunsa, to mai shan batir ne. Wanda ya ɗauki wayar wutar irin wannan ya jona ta da ƙarfen jiki, a zatonsa wayar kashewa ce, in ya yi sa'a fiyus ne zai ƙone, in bai yi ba sai ya ga hayaƙi daga ƙarƙashin tanki.

Kada ka dogara da launin waya kaɗai. A mashinan da suka bi tsarin Honda, koriya ita ce negatif, baƙa ita ce wutar da ke fitowa bayan makulli, baƙa mai farin layi ita ce ta kashewa, ruwan lemo da shuɗiya mai haske kuma na sigina ne. Bajaj yana da nasa tsarin, ga kuma mashin da ya ratsa hannun masu gyara da yawa, wanda kowa ya ƙara masa guntun wayar da ya samu. A kan na'urar kuwa, yawancin ƙirar Sin suna zuwa da ja ta batir, baƙa ta negatif, rawaya biyu na sigina, da wasu biyu na kashe inji, amma takardar da ke cikin kwali da mitarka su ne za su yanke hukunci. Jar wayar dole ta bi ta fiyus, kusa da batir.

Shuɗiyar wayar da ke tayar da mashin daga rimot, ni naɗe ta nake da salatif in bar ta, ko da mai mashin ya so a haɗa. Mutanenmu suna ajiye mashin a cikin giya, a soro ko tsakar gida inda yara ke wasa, rimot kuma yana cikin aljihun kaftani tare da makullai da waya. Mutum ya zauna tahiyya, aljihu ya matse, maɓalli ya dannu, mashin da ke cikin giya ya yi tsalle ya faɗi kan abin da ke gabansa. Idan ka yi wa mutum wannan bayani a tsanake, da wuya ya ci gaba da gardama.

Duk haɗin da ya shafi kashe inji ka yi shi da dalma, ka rufe da kyau. Murɗa waya da yatsa a liƙa salatif yana riƙewa a shago, amma zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana narkar da gam ɗin, girgizar hanya ta ƙarasa sauran, kuma injin da ya ɗauke a hanyar Kano lokacin da mutum ke ƙoƙarin wuce tirela ba ƙaramin abu ba ne. Don haka nake fifita na'urar da in ta lalace take barin mashin ya ci gaba da aiki.

Wurin ɓoyewa kuma kada ya zama murfin gefe kusa da batir, nan ne ɓarawo ke fara buɗewa. Ka tura akwatin can ƙarƙashin tanki ko cikin lungun kujera, nesa da kan inji da salansa, ka bi da wayoyinta cikin damin wayoyin mashin ka naɗe da baƙin salatif har ya zama ba a bambance su da na kamfani. Jiniyar ka raba ta da akwatin, bakinta yana kallon ƙasa, don ruwan Agusta da na masu wankin mashin kada ya taru a ciki. In an sami mai ɗan batirinta a ciki, wadda ke ci gaba da kuka bayan an yanke wayar batir, ta cancanci ƙarin kuɗinta. Siririyar wayar eriya kada ka yanke ta, kada ka naɗa ta a ƙarfe.

Saitin jin motsi ka bar shi a tsakiya. A ƙofar masallacin Juma'a ko babbar kasuwa mashina jere suke kafaɗa da kafaɗa, kuma wadda ke ihu duk lokacin da wani ya gifta, cikin kwana kaɗan mai ita da maƙwabtansa za su daina ɗaga kai. Ka gwada a gabansa: bugun kujera da tafin hannu ya ba da gajeren gargaɗi, sauke mashin daga sitan ko murɗa kansa ya tayar da cikakken kuka.

Ka gaya wa mai mashin iyakar abin da ya saya. Ƙararrawa tana amfani ne inda akwai mai ji, kuma ba ta hana a ɗaga mashin a jefa cikin mota. Kulle wuya da sarƙa da kwaɗo suna nan daram, musamman da dare. Kwaɗon da ake maƙalawa a faifan birki ba ya hawa yawancin Boxer, tunda birkinsu na ganga ne. Masu hali suna ƙara tiraka, na'urar da ke nuna inda mashin yake, kuma tana da amfani, sai dai ta fi ƙararrawa shan batir kuma rayuwarta a kan layin waya take. Mun gani a 2021, da aka katse sadarwa a wasu ƙananan hukumomin jihar nan, duk tirakar da ta shiga can ta yi shiru. Iyaka ma ba nisa, ta Jibiya ko ta Kongolam, layin Najeriya kuma ba lallai ya ci gaba da magana a ƙetare ba. Wanda tirakarsa ta nuna masa inda mashinsa yake, ya kai wa 'yan sanda bayanin, kada ya bi shi kaɗai.

Saura maganar amana, wadda a wurina tana cikin aikin. Kada ka ɗaura sikiyuriti a gaban 'yan zaman shago, domin wurin da ka ɓoye ta sirrin mai mashin ne. Rimot biyu ke zuwa a kwali, ka miƙa masa duka biyun a hannunsa, ka ce ya ajiye ɗaya a gida. Idan kuma wani ya turo mashin ya ce rimot ya ɓace a cire masa ƙararrawa, kada ka taɓa ko waya ɗaya sai ya kawo rasit da takardu, ka duba lambar inji da ta shasi ka ga sun yi daidai da abin da ke rubuce. In ya fara hanzari ko ya ce zai ƙara maka kuɗi, ka ce masa ya jira maigida, ka kira ni.