Birki da Ƙafar Tsohuwar Mota: Amsoshin Tambayoyinku

Tambayoyi uku na zaɓo a wannan makon, kuma dukkansu daga mutanen da ba su da niyyar rabuwa da tsofaffin motocinsu suka fito. Ta farko ce za ta ci mafi yawan filinmu, saboda maganar rai ce.

Tambaya: Ina da Golf 3 ƙirar 1995, kuma ina yawan bin hanyar Jos zuwa Akwanga. A watan jiya ina gangarowa Hawan Kibo da mutum huɗu da buhunan dankali a but, sai birki ya yi laushi, na taka ya nutse har kusan ƙasa, sai da na yi ta famfo kafin motar ta tsaya. Da ta huce sai birkin ya dawo daidai. Bakanikena ya ce diskin ne ya yi mata ƙanƙanta, in sayo na VR6, wato Golf mai babban inji, a sa. Ko in saya? Daga mai karatu a Bukuru.

Amsa: Malam, barka da arziki. Kada ka saya tukuna, domin abin da ka siffanta ba ya nuna laifin diski. Idan birki ya ɗauki zafi a gangare, ɗayan biyu ne yake faruwa. Ko dai ka taka ka ji shi da tauri amma motar ta ƙi tsayawa, wanda ke nufin fad ɗin birkin ne ya ƙone ya daina kamawa, ko kuma ka taka ya nutse kamar ka taka soso, wanda ke nufin man birkin ne ya tafasa. Naka na biyun ne. Man birki yana shan danshi daga iska a hankali, ko da ba a taɓa buɗe murfinsa ba. Sabon mai nau'in DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 230 a ma'aunin Salsiyos, amma da ruwa ya kai kusan kashi 3.7 cikin ɗari a cikinsa, ma'aunin yana iya saukowa zuwa 155. Shi kuwa DOT 3 daga 205 yake faɗowa zuwa 140. Da man ya tafasa sai ya zama tururi a cikin bututu, tururi kuwa yana matsuwa, shi ya sa ƙarfin ƙafarka bai isa ga taya ba. Da ya huce tururin ya koma ruwa, sai ka ga kamar babu abin da ya faru.

Masu ƙera motoci da dama suna cewa a sauya man birki duk bayan shekara biyu, amma a garejojinmu ƙari kawai ake yi idan ya ragu, har ka tarar da motar da ta shekara goma man cikinta ya koma launin baƙin shayi. Saboda haka aikin farko shi ne a zuƙe tsohon man gaba ɗaya ta ƙafafu huɗu, a zuba sabon DOT 4 daga gwangwanin da aka fasa a gabanka. Kada a kusanci DOT 5, wanda na silikon ne kuma ba ya gauraya da sauran, ballantana man giya ko ruwan sabulu da wasu direbobi ke durawa idan sun maƙale a hanya. Man giya yana kumbura robobin masta, wato famfon da ke tura man birki, har su lalace, ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa, ga tsatsa da yake jawowa.

Daga nan sai a cire tayoyi a duba da ido, kai ma kana tsaye. A kalli fad biyu na kowace ƙafa: idan ɗaya ya cinye ɗayan yana nan da kaurinsa, ƙusoshin da kalifa, wato ƙarfen da ke matse fad a jikin diski, ke zamewa a kansu ne suka cije, abin da ƙurar hunturu da ruwan damina ke haddasawa da zarar robar da ta rufe su ta yage. Kalifar da ta cije tana riƙe diski ko ba ka taka ba, don haka kafin ka iso bakin gangare ma man ya riga ya ɗumama. Fad ɗin da ya rage milimita 3 ya gama aikinsa. Shi ma diskin akwai iyakar kaurinsa a rubuce a jikinsa, a auna, idan ya cinye ya yi ƙasa da nan a sauya duka biyun na gaba. Tiyon roba da ke kai mai ga kowace ƙafa, idan har na asali ne, ya kai shekara talatin, a lanƙwasa shi a gani, in ya tsattsage ko ya yi ƙari a jefar.

Batun diskin VR6 kuwa, bakanikenka bai gaya maka dukkan kuɗin ba. Golf 3 mai ƙaramin inji da diski mai faɗin milimita 239 ko 256 take zuwa, kuma ƙusa huɗu ce ke riƙe tayarta. Na VR6 milimita 280 ne ko 288, ƙusa biyar, wato sai ka sauya hob ɗin da ake ɗaura taya a kai da kalifa da wili da tayoyi, aikin da zai ci kuɗi mai yawa a kan motar da ba tsere kake yi da ita ba. Idan taka mai 239 ce, kuma bayan duk gyaran nan kana son ƙari, komawa 256 mai ramukan shan iska a tsakiya shi ne canjin da na yarda da shi, domin daga cikin dangin motar yake kuma wili mai inci 14 ya ishe shi. A sani cewa babban diski jure zafi yake ƙarawa. Tazarar tsayawa a taku ɗaya kuwa taya ce ke yanke ta, tunda birkin da zai iya kulle taya ya riga ya fi ƙarfin riƙon da take yi wa kwalta. Duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a gefen tayarka: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta tsufa ta ƙeƙashe, ko zanenta ya sauka zuwa milimita 1.6, babu diskin da zai cece ta.

Kuma, Malam, Hawan Kibo da giya ta biyu ko ta uku ake saukarsa, inji yana riƙe motar, birki yana taimakawa jefi-jefi. Wanda ya sa firi don tattalin mai ya ɗora wa birki nauyin motar duka.

Tambaya: Corolla ce da ni ƙirar 2004. Tana rawa a kan hanya, in na wuce rami sai ta yi ta lilo. An kawo mini shokazoba Beljiyam daga Kofar Ruwa, an ce ta fi sabuwa ƙarko. Wacce zan ɗauka? Daga wata malamar makaranta a Kano.

Amsa: Malama, na san inda wannan magana ta samo asali. Jabun kaya sun cika kasuwa, har mutane suka gwammace tsohon abu na asali da sabo na bogi, kuma a kan ƙarfe zalla, irin hob ko sifirin da bai karye ba, ina tare da su. Shokazoba ba ta cikin wannan sahu. Mai ne da bawul da roba a cikinta, kuma a hankali take mutuwa ba tare da ta nuna a jiki ba. Wadda aka ciro daga motar da babu wanda ya san nisan tafiyar da ta yi, aka wanke aka goge, tana iya yin wata shida, tana iya yin mako uku. Matsa ta da hannu da mai shago zai yi a gabanki bai kai ko kusa da bugun da rami ke yi mata ba.

Shawarata ki nemi sabuwa ta kamfanin da aka sani, irin KYB ko Monroe ko Sachs, a wurin dilan da zai ba ki rasidi ya kuma yarda a dawo masa da kaya, ki duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen ta dace da ta kwali. Farashin da ya yi araha ƙwarai shi kansa shaida ne. A sauya biyu tare, dama da hagu, in kuɗi bai kai na huɗu ba a fara da na gaba. Wannan ba maganar jin daɗin zama kaɗai ba ce: sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota, aikin shokazoba shi ne ta hana taya tsalle, tayar da ke tsalle a kan hanya mai gargada kuwa ba ta taka ƙasa sosai balle birki ya yi aiki da ita.

Tunda za a kwance ƙafar, a girgiza taya tana sama a duba boljoyin da tayarod da bushin. Akwai wani ƙaramin abu da yawancin yaran gareji ba su kula da shi, kuma shi ke kashe sabon bushin cikin watanni kaɗan: suna ɗaure ƙusarsa tamau motar tana kan jak, ƙafa tana reto, da an sauke ta sai robar ta murɗe ta zauna a murɗe. Ki ce a bar ɗaurin ƙarshe sai nauyin motar ya sauka a kan tayoyinta. Daga garejin ki wuce wurin alaimen kai tsaye.

Tambaya: Hanyar ƙauyenmu tana lalacewa da damina, cikin motata yana gugar ƙasa. Zan iya ƙara mata tsayi? Daga mai karatu a Gusau.

Amsa: Malam, ka fara auna tsayinta, domin sau da yawa sifirin ne ya gaji da lodi ya zauna, sabon sifirin kaɗai zai mayar da ita inda kamfani ya ajiye ta. Idan dole sai an ƙara, kada ya wuce santimita biyu zuwa uku, kuma da zoben da aka ƙera don wannan aiki, ba guntun taya da ake cusawa tsakanin sifirin ba. Fiye da haka shaf zai riƙa aiki a karkace, robarsa ta yage da wuri, motar kuma ta riƙa kwanciya a kwana. Ba ka faɗi irin motar ba, to ka sa a leƙa ƙarƙashinta ta baya. Tsofaffin motoci da yawa marasa ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki, ciki har da Peugeot 504 da wasu Golf, suna da bawul da ke auna lodi ta yadda bayan motar ya sauka, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi gwargwadon haka. Idan aka ɗaga bayan ba a sake saita wannan bawul ba, zai ɗauka motar babu kaya ko da ka cika ta da buhunan masara, sai ya rage wa ƙafafun baya mai, aikin tsayawa ya koma kan na gaba.