Ba sai kin yi makarantar fastoci ba

'Yar'uwa, kin ce Zumuntar Mata ta cocinku ta sa ki cikin masu ziyartar waɗanda masifa ta afka wa, kina fargabar ba ki da ilimin tauhidi kuma ba ki san abin da za ki faɗa ba. Ki je. Ba wa'azi aka aike ki yi ba, zama da su da sauraro ne aikin. Abokan Ayuba ma kwana bakwai suka zauna da shi a ƙasa babu wanda ya ce uffan, sai da suka buɗe baki suka ɓata lamarin.

A 2014, da mutanen Mubi suka gudo Yola, na zauna da wata uwa da ta rasa ɗanta a hanya. Na yi saurin cewa "nufin Allah ne", ta juya fuska bango, shi ke nan. Washegari na kai kunu, na kama bakina, ita da kanta ta fara ba ni labarinsa har ta nemi mu yi addu'a. Sharaɗi ɗaya dai: riƙe sirri wajibi ne, kada maganar mutum ta koma "abin addu'a" a taron mata. Amma idan wani ya ce ya gaji da rayuwa, ko ya daina ci da barci kwanaki, wannan ya fi ƙarfinki. Ki gaya wa fasto ranar, ku kai shi asibiti.