Hukuncin ƙera manhajar da ke karanta fushi da farin ciki a fuskar mutum

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta. Kamfanin da nake wa aiki ya sa mu ƙera wadda za ta kalli fuskar mutum, ta saurari muryarsa, ta gane ko ransa a ɓace yake, ta ba shi amsa daidai da halinsa. Wani abokina ya ce wannan da'awar sanin gaibu ce. Albashina halal ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Abokinka ya tsaurara. Gane hali ta hanyar alama ba gaibu ba ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya gaya wa Nana A'isha yana gane lokacin da take fushi da shi: in tana cikin yarda sai ta rantse da Ubangijin Muhammadu, in ta yi fushi sai ta ce Ubangijin Ibrahim. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa. Asalin sana'arka halal ne.

Amma alama zato ce, kuma a nan nake so ka tsaya. Ibnul Arabi, malamin Malikiyya, ya ce ba a gina hukunci a kan firasa, wato gane halin mutum ta alamun da ake gani a zahirinsa. Da Usama ɗan Zaidu ya kashe wanda ya furta kalmar shahada bisa zaton tsoro ne ya sa shi, Annabi (SAW) ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa. In sahabi bai tsaga ba, kamara ba za ta tsaga ba. Dubi yaron Bahaushe a gaban babba: ya sunkuyar da kai, ya ƙi haɗa ido, murya ƙasa-ƙasa. Mu ladabi muke gani. Na'urar da aka horar da fuskokin mutanen wata al'ada tana iya rubuta shi cikin marasa gaskiya. Su kansu masu fasahar suna ɗari-ɗari: a 2022 kamfanin Microsoft ya janye aikin karanta fushi da farin ciki daga manhajarsa ta gane fuska, dokar Tarayyar Turai ta 2024 kuma ta hana shi a wuraren aiki da makarantu sai don lafiya ko kare rai.

Don haka ka binciki inda za a kai manhajar. In direban da gyangyaɗi ya kama za ta farkar, ko ta taimaki likita lura da majiyyaci, da sanin mutum da yardarsa, ci gaba da aikinka. In za a ɗora ta kan ma'aikata a ɓoye, tajassusi ne, wato bin diddigin sirrin mutane, wanda aya ta 12 a Suratul Hujurati ta haramta. Korar ma'aikaci ko ƙin ɗaukarsa da hujjarta kaɗai zalunci ne. Mafi muni a wurina ita ce wadda ke jiran mutum ya shiga damuwa ta tallata masa caca ko bashin ruwa. Wannan kada ka rubuta mata ko layi ɗaya.

Ka tambayi shugabanka a rubuce. In ya bayyana ɓangaren haram ne, nemi a canja maka aiki. Abin da ka karɓa kafin ka sani, babu laifi a kanka.

Allah ne mafi sani.