Tambaya da Amsa: Wai da gaske ana haɗa ɗaliban Yahudawa da Falasɗinawa a koya musu sulhu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina karanta fannin sasanta rikici, a wata lakca aka ce mana wai akwai kwas da ake haɗa ɗaliban jami'a Yahudawa da Falasɗinawa a aji ɗaya don su koyi sulhu. Ni dai abin bai kwanta min ba, ta yaya wanda aka ƙwace wa gida zai zauna yana hira da wanda ya ƙwace? Anya ba dabara ba ce ta wanke Isra'ila? Daga wata ɗaliba a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Eh da gaske ne, kuma wannan shakkun naki Falasɗinawa da yawa sun riga ki yinsa, masu fafutukar ƙaurace wa Isra'ila ma cewa suke irin wannan zama yana sa mamaya ta zama kamar ba komai ba. To amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Ki fara sanin su waye a ajin. Yawanci ba 'yan Gaza ba ne, su kam yaƙi ya ragargaza jami'o'insu, mutanen Gaɓar Yamma kuma sai da takardar izinin soja suke tsallaka shinge. Akasarin Larabawan da ke ajin jikokin Falasɗinawan da suka rage ne a cikin Isra'ila a 1948 lokacin da aka raba wajen mutum dubu 700 da gidajensu, yanzu suna riƙe da fasfon Isra'ila, sun kai kusan kashi 20 cikin ɗari na ƙasar. Makarantun firamare da sakandare akasari a rarrabe suke, na Larabci daban na Ibrananci daban, shi ya sa da yawansu sai a jami'a kamar ta Haifa suke fara zama benci ɗaya.

Da farko an ɗauka ai in suka ci abinci tare suka yi raha shi ke nan, ana jingina da nazarin masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport na 1954 kan yadda cuɗanya ke rage ƙyamar juna, alhali shi kansa ya gindaya sharaɗi cewa sai ɓangarorin suna kan matsayi ɗaya. Ina matsayi ɗaya a nan? Bafalasɗine zai zo yana son a yi maganar ƙasar kakansa, Bayahude yana cewa don Allah a bar siyasa mu san juna a matsayin mutane, kuma duk hirar da Ibrananci ake yi tunda shi Balarabe yana ji, wancan kuwa ba ya jin Larabci.

Wannan ne Makarantar Zaman Lafiya ta ƙauyen Wahat al-Salam, wanda Yahudawa ke kira Neve Shalom, ta lura da shi. An buɗe ta a 1979 a tsakanin Ƙudus da Tel Abib, daga baya ta riƙa gudanar da kwasa-kwasai tare da jami'o'i irin su ta Tel Abib da ta Ben Gurion. Malamai biyu ne ke jan ajin, ɗaya Bafalasɗine ɗaya Bayahude, wani lokaci kowane ɓangare ya keɓe ya yi magana da harshensa sannan a dawo a haɗu, kuma ba a hana faɗa, ana ɗaga murya ana kuka, domin abin da ake son ɗalibi ya gani da idonsa shi ne wa ke da ƙarfi a ɗakin, wa ake katsewa in yana magana, wa aka sa wa dole ya yi ta kare kansa. Wallahi ni irin wannan nake girmamawa, saboda ba a ce wa wanda aka zalunta ya haɗiye zafinsa don wani ya ji daɗi.

Akwai kuma aikin Sami Adwan na Jami'ar Baitalami da marigayi Dan Bar-On, da suka tara malaman tarihi suka rubuta littafi mai labari biyu a shafi ɗaya, na Falasɗinawa a gefe na Isra'ilawa a gefe, tsakiya fili don ɗalibi ya rubuta nasa. Hukumomin ilimi na ɓangarorin biyu duk ba su yarda a koyar da shi ba.

Kar kuma ki ɗauka aji yana kare mutum. Asel Asleh, yaro ɗan shekara 17 da ya halarci sansanin Seeds of Peace a Amurka, ƙungiyar da ke haɗa matasan ɓangarorin biyu, 'yan sandan Isra'ila sun harbe shi a Oktoban 2000 yana sanye da rigar ƙungiyar. A 2020 gobara ta cinye ginin waccan Makarantar Zaman Lafiya ta Wahat al-Salam, ana kyautata zaton da gangan aka sa wutar. Bayan harin Hamas na 7 ga Oktoban 2023 kuwa an dakatar da ɗalibai Larabawa da dama saboda abin da suka rubuta a soshiyal midiya, to wanda ke tsoron kora ta yaya zai saki baki a aji?

Don haka in kika ci karo da irin wannan shiri a karatunki, ki binciki wa ke ba da kuɗin, da wane harshe ake magana, sannan ana barin a ambaci 1948 da mamaya ko ana kauce musu. Wanda ya hana waɗannan, zarginki a kansa daidai ne. Wanda ya bari kuwa ba zan kira shi yaudara ba, ko da bai tsayar da yaƙi ba.