Kai yaro, kar ka kuskura ka kai littattafan nan injin yanka

Na ga saƙonka tun jiya da daddare, da na so in bari sai ka zo shago mu yi magana baki da baki amma abin ya tsaya min a rai. Wai shugaban laburaren da muke wa ɗinki ya ce an ba su kuɗin sa komai a kwamfuta, ka kwashi tsofaffin kundaye da jaridun da aka ɗinke ka datse bayansu don sikana ta riƙa zuƙar takardun da sauri, har da wasu rubuce-rubucen hannu na ajami da wani gida suka kawo musu ajiya, in an gama a tara takardun a sito. Kana tambaya ko ka yanka, kuma nawa za ka caje shi.

Wato kuɗin ne ma ya fi damunka. To ba za ka yanka ba.

Furojet ɗin ɗalibai na shekaran jiya da aka buga da kwamfuta, wannan ba ruwana, ko ka yanka za ka iya mayar da shi kuma ka san yadda ake yi, ba zan tsaya koya maka ɗinki yanzu ba. Amma jarida irin Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya tun 1939, takardarta ta yi ja ta bushe, in ka sa ta a sikana mai zuƙa gari za ta fito. Kuma rubutun jaridar da aka ɗinke yakan shige har cikin ɗinkin, kana datsewa ka tafi da harafin farko na kowane layi, wa zai dawo maka da shi? Na ajamin kuwa ko taɓa su kar ka yi sai ina wurin, ga dalili.

Lokacin da faifan CD ke tashe wani mutum ya zo min shago, babbar riga, mota mai sanyi, yara biyu na bin sa da jaka. Ya ce ya samu kwangilar ɗaukar tsofaffin littattafan malamai a sa a kwamfuta don wani laburare, an ce masa duk garin nan ba wanda gidajen malamai suka yarda da shi kamar ni, kuma gaskiya aka faɗa masa don ni nake gyara musu tadarishi, wato bangon littafi, da gafaka tun kafin a haife ka. Na kai shi gidan malamin da ya koya min karatu, Allah ya jiƙansa, babban ɗansa ya shiga ɗaki ya fito da gafaka gafaka, akwai fiƙihu akwai waƙoƙin wa'azi na Hausa da Fulatanci, akwai wasiƙun da kakansu ya yi musaya da malaman Sakkwato, har da wani ɗan kundi na magunguna da hannun malam kansa. Ɗan ya kalle ni ya ce don kai muka bayar. Mutumin ya yi rantsuwa da Allah cewa sati biyu zai dawo da su, kuma zai biya ni ladan gyara duk wanda ya samu matsala.

Da na ji shiru na bi shi inda suke aikin. Wallahi har yau in na tuna ɗakin nan sai ƙirjina ya yi zafi. Fanka na ta juyawa a sama, takardun malam a baje a kan tebur da ƙasa iska na ɗaga su, yaro ɗaya na lasar yatsa yana ɗauko warƙa yana kifawa a gilashi ya danna murfin da gwiwar hannu, ɗayan yana cin gyaɗa yana liƙa salatif a inda ya yage. Ka san tawadar da ta daɗe, musamman wadda aka dafa da bagaruwa da ƙarfe, cin takarda take yi a hankali, to duk inda ya danna sai ka ji ƙas, takardar ta tsage daidai kan layin rubutun, har wasu haruffan su zube su bar rami. Kuma littattafanmu na da ba ɗinke su ake yi ba, warƙa warƙa suke, babu lambar shafi, abin da ke nuna maka jerin shi ne kalmar nan guda da marubuci ke sawa a ƙasan shafi wadda ita ce za ta buɗe shafi na gaba. Yaran nan ko bismilla ba su iya karantawa a rubutun warshu ba, sun haɗe littafi biyar wuri ɗaya. Na yi faɗa har muryata ta dishe, ogansu ya ce in kwantar da hankalina Malam, ai komai ya shiga kwamfuta, ko takardun sun ƙone ma ba a yi asara ba.

Sai bayan damina ya aiko direba da jakar Gana masgo guda, an cusa takardun kamar kayan wanki, gafakun babu su, kundin magunguna babu, wasiƙun Sakkwato babu ko ɗaya. A sama an ɗora faifai guda biyu an yi rubutu a kansu da alƙalamin maka. Kuɗina kuwa ko sisi, lambarsa ta daina shiga, laburaren da ya ambata na je suka ce su ba su san shi ba. Hotunan da ke faifan rabi sun yi dishi-dishi, wasu an yanke gefe inda malamai ke rubuta sharhi, ga shi ba suna, daga lamba sai lamba. Bayan wasu shekaru faifan ma suka ƙi buɗewa gaba ɗaya, duk wanda na kai wa sai ya ce bayansu ya ɓare. Na zauna ni da wani almajirin malam muna bin kalmar ƙasan shafi muna haɗawa, abin da ya haɗu ya haɗu, amma ɗan malam har ya koma ga Allah in mun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure hannu kawai yake ba ni ya kau da kai. Kuɗin na daɗe da mantawa da su, wannan kau da kan ne ban yafe wa mutumin nan ba, kuma ba zan yafe ba.

Kar ka ce tsoho na ƙin zamani, ni na fi ka son a ɗauki hoton nan, don gara da kyankyaso da ɗigar rufi ba sa jiran kowa. Ka duba Timbuktu, a watan Janairun 2013 'yan bindiga suka cinna wa littattafai wuta a Cibiyar Ahmed Baba, kusan 4,000 suka salwanta, sauran dubu ɗaruruwa Abdel Kader Haidara da mutanensa ne suka fitar da su a ɓoye cikin akwatunan ƙarfe zuwa Bamako, a can aka zauna ana ɗaukar hotonsu. Ka lura, takardun suka fara ceta, hoto daga baya ya biyo. Kuma su Turawan da ku ke ganin komai nasu daidai ne, babban laburaren Ingila da ke Landan a Oktoban 2023 ɓarayin intanet suka shiga kwamfutocinsu suka kulle komai, wata da watanni mutum bai iya neman littafi ta intanet ba, abin da ya rage musu shi ne littattafan da ke kan kanta. In Landan ta ga haka, ina ga laburaren da wuta ke zuwa sau ɗaya a wuni, na'urar ajiyar na ƙarƙashin teburin wani akawu? Shi wannan laburaren na Ingila yana da wani shiri tun 2004 na ba da kuɗi a ɗauki hoton tsofaffin takardu a ƙasashe irin namu, an yi a Najeriya ma, kuma sharaɗinsu shi ne asalin takardun ba sa barin ƙasarsu, kwafi ake ɗauka, a bar wani kwafin a gida. Su da ke ba da kuɗin ba su ce a tara a sito ba.

Ga abin da za ka gaya wa shugaban, da ladabi amma kar ka yi in'ina. Kyamara ake kafawa a sama littafi na kwance a buɗe a kan matashi, ba a kifa shi, ba a danna shi. Fitila biyu hagu da dama, a kashe fanka ko zufa za ta kashe mutum. Kafin a ɗauki ko shafi ɗaya a ƙirga warƙoƙi a gaban mai su, a rubuta, ya sa hannu ku sa hannu, lambar kuma da fensir a kusurwa ba biro ba. In gidan malamai ne aikin ma a can za a yi, a zaurensu, takarda ba ta kwana a waje. Hoton kar ya gaza 300 dpi a ma'aunin kaifin hoto, a ajiye shi a tsarin TIFF mai riƙe ingancin hoto, wanda za a sa wa jama'a a intanet shi ne ƙarami. A ɗauko har gefe da gefe, da bangon, kuma a ɗaga wasu a haske a ɗauki tambarin cikin takardar, sau da yawa za ka ga jinjirin wata guda uku, takardar Italiya ce da fatake ke kawowa ta Sahara, masu bincike da ita suke kintatar zamanin littafi, sikana ba ta ganin wannan. Kwafi uku, wuri daban daban, ɗaya ba a ginin ba. Lamineshin kuwa duk wanda ya ambace shi ka tashi ka bar wurin.

Sai kuma suna. Nan ne ku yaran yanzu ku ke ban haushi, ku ɗauki hoto dubu da waya ku tura ta WhatsApp ya matse shi ya lalace, ku ce kun yi aiki. Hoton da ba a rubuta sunan littafi da marubuci da gidan da ya fito ba wa zai same shi? Kwamfuta har yanzu ba ta iya karanta ajaminmu yadda ya kamata, ko boko ma in tsohon bugu ne sai ta riƙa mayar da ƙ da ɗ wani abu daban, dole sai mutum mai ido ya zauna ya karanta ya rubuta. Shi ya sa ma'aikacin laburare na kirki yanzu aikinsa ƙaruwa ya yi, da kati yake cikewa ya jera a durowa, yanzu a manhajar laburare irin Koha ko DSpace yake shigarwa, amma in bai san littafin ba shirme zai shigar. Ka je Gidan Arewa a Kaduna ko Cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato ka ga irin abin da ke ajiye, ka tambayi kanka yara nawa ne a cikin sa'anninka za su iya buɗe warƙa ɗaya su faɗi ko wane fanni ne. Na sha ce maka ka koma ka ƙarasa karatunka wurin malam bayan magariba, ka fi son zama bakin shago kana danna waya kana dariya kai kaɗai. Wanda ya iya kyamara kuma ya iya karanta warshu, shi za a riƙa nema nan gaba ana roƙo, ba mai datse baya ba, wannan ko ɗan dako zai iya.

Maganar kuɗi, ba a shafi za ka yi ciniki ba don da an ce shafi sai a fara gaggawa, a wuni za a biya, gyara kuma kuɗinsa daban, rabi a hannu kafin a buɗe gafaka. Kuma ka ce ya nuna maka siton da yake cewa za a tara takardun, ka duba rufin ka duba gindin bango ko akwai hanyar gara. In ya ce shi dai a yanka don wa'adin kwangila ya matso, ka ce maigidana ya hana, ka ba shi lambata, ni zan yi magana da shi.