Na gama karatun zanen gini: ta ina zan fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na kammala karatun zanen gine-gine a makarantar EAMAU ta Lome, na dawo gida Marwa. Burina in yi bincike a kan ginin ƙasa, amma duk wanda ya zo wurina bulo da kwano yake so. Ta ina zan kama? Mai karatu daga Marwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fara da shigar da sunanka a rajistar ONAC, ƙungiyar masu zanen gini ta Kamaru, don sai da ita za ka sa hannu a zane. Sannan ka kama aiki a ofishin wani babba a sana'ar, ka nace a riƙa tura ka wurin gini. A can za ka koyi awon rodi da lissafin kuɗi da zama da magina.

Binciken kuwa yana ƙarƙashin ƙafarka. Ƙasar karal, wadda ake noman masakwa a cikinta, tana kumbura da damina, ta tsage da rani, shi ya sa bango ke darewa daga harsashi ko da na siminti ne. Ba ta yin tubali. Nemi jar ƙasa mai yashi, ka cika rabin kwalba da ita, ka ƙara ruwa, ka girgiza, ka bar ta ta kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka a sama. In laka ta wuce kashi ɗaya cikin uku, ƙara yashi. A tubalin da ake matsewa da inji, siminti kashi 5 zuwa 8 cikin 100 ya isa. A rufe shi da leda a inuwa, ana yayyafa ruwa a makon farko, kada a ɗora shi sai ya cika kwana 28. Wanda rana ta busar da wuri, gefensa ne ke marmashewa.

Ruwa ne abokin gaban ginin ƙasa. Ɗaga gindin bango da dutse ko kankare kamar santimita 40, bakin rufi ya fito santimita 60. Yaɓen siminti mai kauri a kan ɗanyen bangon laka yana ɓamɓarewa, domin danshi ba ya samun mafita.

Je ka garin Pus ka auna ɗakunan laka na ƙabilar Musgun, ka tuntuɓi MIPROMALO, hukumar bunƙasa kayan gini na gida, a Yawunde. Masu son bulo kuma, gina ɗaki ɗaya na gwaji, ka rubuta zafin cikinsa da na ɗakin kwano a watan Afrilu, safe da azahar, ka nuna musu.